Shekarar da Na Ci Iyaka

Ina aji biyar na firamare na ci iyakar gonar wani tsoho. Yau ga furfura ta fara leƙowa a gemuna, na yi kurakurai manya da ƙanana kamar kowane ɗan Adam, amma babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wannan.

Makarantarmu tana bakin gari, a wani ƙauye tsakanin Pauwa da Ƙanƙara. Wannan tun kafin daji ya lalace ne, lokacin da yaro zai saɓa fartanya ya tafi gona shi kaɗai, uwarsa ko ɗaga kai ba za ta yi ba. Bayan azuzuwa akwai gonar makaranta, an yanka ta gida uku: aji huɗu, aji biyar, aji shida. Yankinmu na 'yan aji biyar shi ne a can ƙarshe, ya haɗa iyaka da gonar wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. 'Ya'yansa duk sun tafi neman abinci Kudu, ciwon yanar ido ya rufe masa idanu, amma bai ajiye noma ba. Da sanda yake zuwa, ya yi aikinsa da lalube, ya koma.

Abin da ya raba mu da shi layin gamba ne. Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ɗauka ciyawa ce kawai da ake yanka a saƙa zana. A wurinmu ita ce takardar gona. Kakanka ya dasa, ubanka ya tarar, kai ma ka tarar, ba mai taɓa tushenta. A garinmu mutum zai yi rowa, ya yi faɗa, har ƙarya ma ya yi, a ci gaba da zama da shi. Amma in aka ce wane yana cin iyaka, to ko shaida ya zo bayarwa sai an kalli juna. Limaminmu kan tuna mana cewa ƙasar da mutum ya ci a nan, a wuyansa za a rataya masa ita gobe ƙiyama.

Malamin da ke kula da gonar mutumin wajen Sabuwa ne, aiki ya kawo shi. Dogo ne siriri, yana da wani keke mai kukan da tun daga nesa za ka san shi ne tafe. Lissafi yake koya mana da aikin gona. Ba ya duka, wannan ya sa muka ɗan raina shi da farko, don a ganinmu malamin da ba ya riƙe bulala bai gama zama malami ba. Yana kuma da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya: ba ya ratsa gonar mutane. Ko da rani ne, ba komai a gonar sai tushiyar kara, ga 'yar hanya ta miƙe kowa na bi, shi sai ya zagaya ta burtali ya iso yana gumi. Mun taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Mai ita bai ce in bi ba." Amsar ke nan gaba ɗaya. Yana juya baya muka tuntsire.

Ni ne monita, kuma in faɗi gaskiya ina ji da kaina. Na fi kowa ƙarfi a ajin, na iya garma kamar babba, lissafi ma ba a bar ni a baya ba. Irin yaran nan ne ni da aka yaba musu da wuri, suka ɗauka duk abin da ya zo musu a ka wayo ne.

A shekarar hedimasta ya sanar cewa ajin da ya fi tara damman dawa za a ba shi ƙwallo, ta fata, irin wadda ake hura wa iska. Mu da muka saba buga ƙwallon tsumma ɗaure da kyauron roba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na je na tsaya a gonar na duba yankinmu, na duba na 'yan aji shida, na ga nasu ya ɗan fi namu faɗi. Raina ya ɓaci. Sai idona ya faɗa kan layin gamba, da gonar Baba shimfiɗe a bayansa.

Ana cikin haka aka aiko wa Malam cewa mahaifiyarsa ba lafiya. Ruwan shuka ya riga ya sauka, don haka kafin ya tafi ya miƙo mini mabuɗin ɗakin da ake ajiye garemani, ya ce in jagoranci huɗa da shuka, kada mu jira shi. Ranar Asabar ana yayyafi, gari ya yi tsit, kowa na gonarsa ta nesa, na ɗauki garma na tafi. Na bi tushen gambar nan ɗaya bayan ɗaya ina haƙewa, in matsa taku biyu cikin gonar Baba in dasa, in take da ƙafa. Ramukan na cike su, na baje ƙasa. Da na gama na ja baya na duba aikina, wallahi har murmushi na yi. Na ce makaho ne, ina zai gani? Ranar Litinin muka yi huɗa, muka sami ƙarin kunya biyu dogaye daga wannan bakin zuwa wancan. Yara ba sa ƙidayar kunya, ba wanda ya lura.

Abin da na sani amma wayo ya mantar da ni shi ne gamba ba ta fita duka. Komai iya haƙarka sai ta bar saiwa a ƙasa.

Bayan mako uku Malam ya dawo, dawa ta kai tsawon tafin hannu, muka fita noman fari. Yana tafe yana duba shuka yana yaba mana, har ya zo kusa da ƙarshe, sai ya tsaya cak. Na bi idonsa da kallo. A tsakiyar dawarmu, ga 'yan tsiron gamba nan kore shar sun fito a jere, a miƙe kamar an ja igiya, daidai inda iyakar take tun asali. Ya daɗe yana kallonsu. Ya taka ya je ga wadda na dasa, ya kama tushe ɗaya ya ɗan ja, ya taso a hannunsa ba gardama.

Ya tara mu a gindin ɗorawa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "An matsar da gambar Baba. Wa ya yi?"

Yara suka shiga kallon juna. Ni kuwa na sa ido a kan babban yatsan ƙafata kamar yau na fara ganinsa. Na jira ya sake tambaya, ya yi barazana, ya ce za a sa mu rantsuwa. Har na shirya ƙaryar da zan yi. Bai sake tambaya ba.

"To," in ji shi, "ba kowa ke nan. Gona hannuna aka ba ta. Abin da ya hwaru cikinta, nawa ne."

A ranar, bayan sallar la'asar, lokacin da dattawan gari ke zaune a ƙofar masallaci, Malam ya jingine kekensa ya je gaban Baba ya durƙusa. Mu yara muna raɓe a jikin katanga. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Baba, na zo neman gahwara. Gonar makaranta ta ci maka iyaka, kunya biyu. An riga an shuka, amma duk abin da ya hito wurin naka ne, ni zan noma maka shi har ya nuna."

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryar. Sannan ya ce, "Malam, ai na sani. Ido ne ya tahi, ƙahwa tana nan. Tun ina saurayi nike taka wagga gona, na san takuna daga bakin hanya zuwa gamba. Ran da na je na iske gamba ta taryo ni, zamnawa na yi ƙasa. Na ce, in masu koya ma yara su ne ke cin iyaka, wa zan kai ma ƙara? Sai na bar ma Allah."

Wani daga cikin dattawan ya ce, "Malam, kai da hannunka?"

Malam ya ce, "Amanata ce, Alhaji. A wuyana take."

Sai da na girma na lura cewa bai yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya. Bai ce shi ya haƙa ba. Amma bai ce ba shi ba ne, mutane kuwa suka ji abin da suke son ji. Kafin magariba labari ya gama gari: malamin boko ya ci iyakar makaho, da ya ga asiri zai tonu ya rigaya kai kansa.

Damina guda na yi ina kallon abin da na jawo. Malam ya tumɓuke gambar da na dasa, ya bar ta asali ta girma a wurinta. Kunyoyin nan biyu ya hana kowa taɓawa. Bayan an tashi makaranta, rana na tsakar ka, sai ka hango shi shi kaɗai a duƙe, ya naɗe ƙafar wando. Shi ya yi musu maimai, shi ya ɗauko takin awaki a buhu a bayan keke ya zuba. Da aka yi dogon hutu sauran malamai baƙi kowa ya tafi garinsu, shi kuwa duk mako sai ya dawo ya duba su. In ya bi ta wurin mai shayi, samari su ɗaga murya, "Malam, a yi hankali da gambarmu hwa!" A kwashe da dariya. Ya ɗaga musu hannu ya ce, "Sannunku da hutawa," ya wuce. Wasu dattawan da suka saba matsa masa wuri a sahun gaba suka daina.

A gida, wata rana muna cin tuwo, mahaifina ya ce shi bai ga amfanin kai yaro wurin mutumin da ke cin ƙasar makaho ba. Ya ce sun yi shawara, da an gama girbi su huɗu za su je ofishin ilimi a Ƙanƙara su roƙa a canza musu shi. Na tsame hannuna daga kwano. Mahaifiyata ta ce ko miyar ce ta yi yaji, na ce eh.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Malam bai canza mini ba ko kaɗan. Mun shiga aji shida ya bar ni a monita. In na ci lissafi ya rubuta mini yabo da jan biro. In zai fita ya ce, "Monita, riƙe mani aji." Na yi ta neman fushi a fuskarsa don in sami abin da zan riƙe in ji haushinsa, ban samu ba. Na kan ce wa kaina ai bai sani ba. Sai wata zuciyar ta ce, kai wawa, wa ya ba mabuɗi? Mutumin da ke warware lissafin da hedimasta kansa ke kawo masa, shi ne zai kasa gane wannan? Tsoronsa ya kama ni, irin tsoron da bulala ba ta taɓa sa mini ba. Sau uku ina zuwa har ƙofar ɗakin da yake haya, in ji motsinsa a ciki, in juya da gudu.

Aka yi girbi. 'Yan wani ajin suka ɗauki ƙwallo, ban ma tsaya kallon bikin ba. Dawar kunyoyin nan biyu ta fi ta ko'ina kyau a gonar, zangarniya manya-manya har sun sunkuya. Malam ya yanke ta da kansa, ya ɗaure dami biyu. Ya ɗora ɗaya a keke, ya dubi aji ya ce, "Monita, kai ne mai ƙarhi, ɗauko mani ɗayan."

Muka kama hanyar gidan Baba, shi yana tura keke ni ina biye da dami a ka. Na ce yau dai zai tambaye ni, tunda ga mu mu biyu. Ina! Hira ya yi ta yi mini kan jarrabawar shiga sakandare, yana cewa in dage da Turanci, lissafina ba shi da matsala. Har ya ce, "Ko ba ni nan, kada ka yi wasa." Ashe ya ji labarin masu zuwa Ƙanƙara. Ya sani, kuma ga shi yana shirya ni don in ci jarrabawa bayan an kore shi a kan laifina.

Muka yi sallama a zauren Baba, muka sauke. Baba ya shafa zangarniyar da hannu biyu yana sa albarka. Ni kuwa sai na durƙusa a gabansa. Na ji bakina yana cewa, "Baba, ni ne. Ni na haƙe gamba. Malam ba shi gari ma ran nan." Sai kuka ya ƙwace mini, irin mai majina da shessheƙa, ni da nake taƙamar ban taɓa kuka a makaranta ba.

Baba ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce, "Ƙasa dai na yahe maka, ɗana, duniya da lahira. Amma sunan Malam ba cikin zaurena aka ɓata shi ba. Ba nan za a wanke shi ba."

Malam ya yi sauri ya ce, "Baba, yaro ne. Wanga ya isa. A bar shi haka nan."

Na ɗaga kai na dube shi. Ga mutum an buɗe masa ƙofar fita daga wulaƙancin wata biyar, yana ƙoƙarin rufe ta da hannunsa don kada a ga tsiraicina. A lokacin ba ni da kalmar da zan kira abin da na ji. Na dai san cewa ban taɓa ganin mutum mai girma irin wannan ba, kuma in na bar shi ya sake ɗaukar mini, ba zan ƙara iya kallon kowa a ido ba.

Da la'asar, ana sallamewa, na tsaya a ƙofar masallaci kafin mutane su sa takalma. Na faɗi komai, da ƙwallon, da mabuɗin, da ranar Asabar. Ban iya duban inda mahaifina yake ba, sai inuwarsa na gani ta taso. Na runtse ido ina jiran mari. Ya wuce ni. Ya je gaban Malam, duk da a haife mahaifina ya kusa haifarsa, ya durƙusa.

Ya ce, "Malam, kana sane?"

Malam ya ce, "Ina sane, Alhaji."

"To mi ya hana ka hwaɗa mani in karya mashi hannu?"

"Abin da ya hana ni ke nan. Da na hwaɗa, hannun za a karya, shi kau ya koyi haƙa rami mai zurhi gaba. So nike ya kawo kanshi da ƙahwarshi."

Mahaifina ya ce, "In da bai kawo ba hwa? Jibi za mu Ƙanƙara."

Malam ya ce, "Da na tahi da abina."

Ban taɓa ganin hawaye a idon mahaifina ba sai ranar. Liman ya yi ta maimaita salati. Dattawan nan suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba Malam hannu. Maganar Ƙanƙara ba wanda ya sake tayar da ita. Ni kuma na sha abin da na shuka. Wata da watanni in na wuce sai an nuna ni da baki, abokaina suka daina ba ni ajiyar ko goriba, kuma ban ga laifinsu ba.

Da ruwa ya sake sauka, ranar da za a raba wa azuzuwa gona, duk makaranta ta taru a bakin fili. Aikin Malam ne kowace shekara ya ja igiya ya kafa turaku, ya fitar wa kowane aji yankinsa, ya kuma duba tsakaninmu da maƙwabta. Ya fito da igiyar a naɗe a kafaɗa da turakun a hannu. Ni ina can baya, inda na koma tsayawa tun bayan abin nan. Sai na ji ya kira ni. Ya sauke igiyar ya ɗora mini a kafaɗa.

Ya ce, "Bana kai za ka hidda iyaka. Ta kowane aji, da ta Baba."

Yara suka fara gunaguni. Wani malami ya matso ya ce a hankali, amma na ji, "Haba Malam, duk yaran nan a rasa wanda za a ba sai shi?"

Malam ya ce, "Duk cikinsu shi kaɗai ya san nauyinta."

Ya kora yara aji. Na ɗauka zai tsaya daga nesa ya ga yadda zan yi, ko ya dawo da rana ya bi sawuna ya auna. Ya hau kekensa ya ce zai je ya karɓo iri, ya tafi. Na tsaya ni kaɗai a tsakiyar gonar nan, ba mai kallona. Sau uku ina auna kowane gefe, ina share ido da hannun riga don in ga igiyar sosai. Da na gama na je na same shi a aji, na ce, "Malam, na gama, a zo a duba."

Bai ko ɗago daga littafin da yake dubawa ba. Ya ce, "Ka gama? To, a hwara huɗa."